Ishaya da Amfilifaya Mara Nauyi

Ranar da bayan Ishaya ya ƙi, ba ma a wajen kiɗa abin ya faru ba. A bakin gidansa ne a Ƙofar Ƙaura, da rana tsaka, maƙwabta na kallo. Ya sunkuya zai sauke kan amfilifayarsa daga bayan babur, sai ya ji wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Shi ke nan fa. Ya kasa miƙewa, ya kasa zama, ya tsaya a sunkuye yana kiran sunan Yesu, har sai da matarsa Tabitha ta fito ta roƙi maƙwabta suka ɗauke shi cak suka kai shi ɗaki. Kan amfilifayar kuwa yana nan zaune a bayan babur, ko gezau.

Wanda bai san harkar kiɗan zamani ba, bari a gaya masa. Ishaya akawu ne a ofishin ayyuka, aikinsa kwafar takardun da ba mai karantawa. Amma ran Asabar shi ke kaɗa jitar bes a ƙungiyar Saje Ayuba, wato jitar nan mai kaurin murya wadda aka fi jin ta a ƙirji fiye da kunne. Ita kuwa ba ta magana sai da amfilifaya, amfilifaya kuma kashi biyu ce: akwatin lasifika a ƙasa, sai kai a bisa, inda wuta ke shiga, inda maɓallai suke. Lasifika ba ta da matsala, a amalanke ake tura ta tare da ganguna. Amma kan amfilifayar Ishaya tsoho ne, baƙi, mai ƙwayayen gilashi a ciki irin ƙwan lantarki, in amalanke ta faɗa rami da shi sau ɗaya an gama. Ga wasu dunƙula-dunƙulan ƙarafa a cikinsa da Allah kaɗai ya san wanda ya ce a sa su. Buhun gero ya fi shi daɗin ɗauka, don shi buhu ko ba komai yana kwanciya a kafaɗa.

To me ya hana 'yan'uwansa makaɗa su kama masa? Doka. Saje Ayuba tsohon mai busa ne a badujalar soja, ya baro bariki amma barikin bai bar shi ba. Tun ranar da wani ya ce zai taimaka ya riƙe wa wani jita ya karya mata wuya, aka yi dambe har ƙungiya ta kusa watsewa, Saje ya kafa doka: kowa ya ɗauki kayansa, kada wanda ya taɓa na wani. Shekara da shekaru ana kan haka. Ishaya ya sha cewa, "Saje, bayana fa." Amsar ba ta canzawa: "Kowa na da baya."

Likita bai ɓoye masa komai ba. Ya ce, "Malam Ishaya, in ka sake ɗaga abin da ya fi bokitin ruwa nauyi, ba da ƙafarka za ka dawo nan ba." Abin takaicin, Tabitha na tsaye a wurin ta ji da kunnenta. Da suka isa gida ta shafa masa man zafi, ta gyara masa matashi, sannan ta zauna a bakin gado.

"Baban Lami, ni ban hana ka kiɗa ba. Da jita a wuya na fara ganinka a Kagoro, da ita na aure ka. Amma ka ji ni da kyau. Ranar da na sake ganin hannunka a kan baƙin abin can, jitar zan ɗauka in kai wa fasto, a ba yaran coci su koya. Ba zan yi jinyar gurgu saboda rawar wasu ba."

Ya san ta. Tabitha ba ta faɗin magana sau biyu. Ya kwanta yana kallon silin, ransa a ɓace, don in aka raba shi da jitar nan me ya rage? Tebur da tawada, da "Ishaya kawo fayil". Ran Asabar kaɗai yake jin shi mutum ne.

Da ya ɗan samu sauƙi sai ya shiga gari neman kai mara nauyi. Lokacin nan ne kuɗin man fetur suka buɗe wa ƙasa baki, kantunan Katsina cike maƙil da kaya har bakin titi: rediyo mai kaset, fanka, firji, agogon bango mai kiɗa. Komai akwai, sai abin da yake nema. Ya shiga nan ya fita can, hannu a ƙugu, gumi na bin sa. Wani ya ciro masa garmaho. Wani ya rantse ya fahimta sarai, ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da lasifikar masallaci. Wani kuma ya ce ya sayi firji kawai, ai ya fi amfani ga mai iyali. Ishaya ya yi tsaki har bakinsa ya gaji.

Daga ƙarshe aka kwatanta masa kantin Alhaji Sada, mai kawo kayan wuta daga Legas. Bayan an gaisa, an tambayi gida da aiki da zafi, an sake tambayar gida, Alhaji ya sa aka jawo masa kawuna uku daga ƙuryar kanti. Biyu manya ne, irin nasa na gida, har ma sun fi shi faɗi. Na ukun ɗan ƙarami, siriri, ba ƙwayayen gilashi, irin aikin rediyon tiransisto ne.

"Wanga shi ne na maza," in ji Alhaji, ya bubbuga babban. "Ɗaga ka ji."

Ai ka san mutanenmu. Ba a sayen abu sai an ɗaga shi an jijjiga. Dutsen guga ne, tukunya ce, kwaɗon ƙofa ne, hannu ke yanke hukunci: mai nauyi shi ne mai ƙwari, mara nauyi kuwa an cuce ka. Ishaya ma da haka ya tashi. Amma yau ƙugunsa ya hana shi bin al'ada.

"Alhaji, ɗan ƙaramin nake so in ji."

"Mi za ka ji? Tun da ya zo kowa ya ɗaga shi sai ya aje. Kuskure aka yi aka haɗo mani da shi."

Ishaya dai ya zo da jitarsa a goye. Ya roƙa aka jona masa su ɗaya bayan ɗaya a wata lasifika da ke kantin. Manyan sun yi, ba ƙarya, murya mai ɗumi irin wadda ya saba. Da aka zo kan ƙaramin ya taɓa igiya mai kauri, sai kwanonin sha da aka jera a kan kantar shagon suka ɗauki rawa. Ya ƙara murya, bai shaƙe ba. Ya bar shi a kunne ya daɗe yana kaɗawa, ya taɓa bayansa, ɗumi kaɗan. Gaskiya muryarsa ta ɗan fi ta tsohon bushewa, wannan ya ji shi, bai yaudari kansa ba. Amma da ya kama mariƙin ya ɗaga da hannu ɗaya, ƙugunsa bai ce komai ba, saura kaɗan ya yi hawaye a gaban mutane.

"Shi nake so."

Alhaji Sada ya dube shi da tausayi. "To, Malam. Amma kada ka ce ban hwaɗa maka ba."

A gidan Saje da ke Kambarawa ake gwajin kiɗa, da la'asar, ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Ishaya ya iso yana fara'a, kan a hannu ɗaya yana lilo da shi. Sai dai dokar Saje tana da ƙofa guda: duk sabon kayan da ya shigo ƙungiya, shi zai auna shi da hannunsa, sau ɗaya, kafin a jona. Ya ajiye ƙahonsa, ya zagaya tebur, ya sa yatsa ɗaya a mariƙin ya ɗaga. Ya dubi abin, ya dubi Ishaya, sai ya fashe da dariya har yana dukan cinya.

"Ishaya! Akwatin burodi ka sayo mana?"

"Saje, a jona shi ka ji tukuna."

"In ji me? Babu komai a ciki. Iska ka saya."

"Wallahi kwanoni sai da suka yi rawa a kantin. Minti ɗaya kawai, ga waya nan."

"Ba a jona abin kunya a gidana. Mutane na kiran mu ne su ga kaya, su san ƙungiya ta zo. In ɗora wannan a kan lasifika a gaban manya, a ce Saje ya tsiyace?"

"Likita ya ce bayana..."

"Kowa na da baya."

Haba! Ga waya, ga wuta, ga lasifika, taku ɗaya tsakaninsu, amma mutumin nan ya ƙi yarda kunnensa ya yi aikin da aka halicce shi dominsa. Ɗanjuma mai ganga ya sunkuyar da kai yana ɗaure fata da ba ta kwance ba. Saje ya ƙara da cewa akwai babbar liyafa ran Asabar ta sama a kulob ɗin ma'aikata, za a yi wa wani babban jami'i ban kwana, an mayar da shi Kaduna. In Ishaya bai zo da kai na kirki ba, akwai wani mai bes ɗan Jos da ya daɗe yana roƙon a ɗauke shi, da kayansa cikakku.

Ishaya ya koma wurin Alhaji Sada. Alhaji ya yi murna, ya ce ai dama ya faɗa, a musanya da babban. Ishaya ya kama mariƙin babban ya ɗan ja, ko tashi daga ƙasa bai yi ba ƙugunsa ya cije shi. Ya saki. Ya fito ya tsaya a rana ya rasa inda zai sa kansa. In ya ɗauki mai nauyi Tabitha ta kai jita coci, in ya ɗauki mara nauyi ɗan Jos ya hau kujerarsa. A nan tsaye ne wata dabara ta zo masa, irin dabarar da ba ta zuwa wa mutum sai ransa ya gama ɓaci.

Ya nufi rumfar Sammani kafinta. Ya ce a yi masa babban akwati da katako siriri mara nauyi, a lulluɓe shi da baƙar leda, a sa masa ƙarfe a kusurwoyi da ƙaton mariƙi. A kafe ɗan ƙaramin kan a ciki ta gaba, a yi masa sabuwar fuska, a ƙara maɓallan tsohuwar rediyo ko da ba sa aikin komai. A baya kuma a bar ɗaki da 'yar ƙofa.

"Ɗakin na mi ne?" in ji Sammani.

"Yashi zan zuba."

Sammani ya cire fensir daga bayan kunne ya sosa kai da shi. "Yashi. Cikin kayan wuta. Malam Ishaya, ni tun da nike, rage nauyi ake kawo mani. Kai ne na farko da ya zo a ƙara mashi."

"Za ka yi ko in tafi wani wuri?"

"Zan yi mana. Ina ruwana."

Tabitha ta same shi a tsakar gida yana tankaɗe yashi da rariyarta ta tuwo. Ta tsaya ta riƙe haɓa. Ya yi mata bayani: ƙananan jakunkuna za a ɗinka, kowace ba ta kai bokitin ruwa ba, ɗaya-ɗaya zai riƙa ɗauka. Saje sau ɗaya yake aunawa, daga ranar an gama, sai a zubar da yashin.

"Wato ka sayi mara nauyi, ka biya kafinta ya mayar da shi mai nauyi, don ka samu ka ɗauke shi ba nauyi."

"Haka ne."

"Ku maza dai Allah ya shirye ku." Ta ja tsaki mai tsawo, ta karɓe rariyarta. Amma da yamma ya ji keken ɗinkinta na kuka, ta yanka tsohon zanen gado ta ɗinka masa jakunkunan.

Ranar gwaji ya riga kowa zuwa Kambarawa. Saje na wanka. Ishaya ya ɗora akwatin a tebur, ya yi ta safa tsakanin babur da darbejiya yana shigo da jakunkunan yashi, yana waige-waige, shi da kayansa amma sai ka ce sata yake yi. Ya cusa su, ya rufe 'yar ƙofa, ya zauna yana share gumi. Saje ya fito da tawul a wuya, ya ga baƙin akwati mai maɓallai reras, idonsa ya yi haske. Ya kama mariƙi ya ja, abin ya tashi kamar tafin hannu daga tebur, ya dire shi da nishi.

"Yauwa! Wannan shi ne kaya. Ka mayar da akwatin burodin?"

"Na rabu da shi, Saje."

"Jona mu ji."

Aka jona. Ishaya ya taɓa igiya, kajin gidan suka watse. Saje ya lumshe ido yana gyaɗa kai, ya juya ga sauran. "Kun ji bambanci? Kun ji abin da nake faɗa? Nauyi ba ya ƙarya. Da wancan ɗan tsakon ne da yanzu ya yi tari ya mutu." Ya miƙa hannu ya nuna wani maɓalli daga cikin na ƙaryar, ya ce a ɗan ƙara shi. Ishaya ya murɗa. Saje ya ce, "Yauwa, yanzu ya zauna."

Ishaya ya yi nasara, amma bai ji daɗinta ba ko kaɗan. Ji ya yi kamar ya buɗe ƙofar nan ya watsa wa Saje yashin a ƙafa. Ya haɗiye, ya ci gaba da kaɗawa.

Ran Asabar ya bar jakunkunan a bayan ɗaki. Me zai yi da su? An riga an auna, doka kuma ta hana kowa taɓa kayan wani. Ya ɗora akwatin a babur da hannu ɗaya, Tabitha na kallo, har ta yi murmushi. Sai da ya iso ƙofar kulob ya hango Saje tsaye a kan dandamali yana nuna inda za a jera lasifika, sannan ya tuna: in ya shiga yana lilo da abin da Saje ya yi wa nishi, asiri ya tonu. Don haka ya rungume akwatin da hannu biyu, ya lanƙwashe, ya soma tafiya yana tangaɗi. Ya yi taku kaɗan ya dire, ya dafe ƙugu, ya cije leɓe. Ya sake ɗauka yana huci. A matakalar dandamali har ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya ce "Wayyo Allah" a hankali, daidai yadda za a ji. Ai ba koya masa za a yi ba, shekaru ya yi yana yin na gaskiya. Abin da bai lura da shi ba, Saje ya daina nuna wurin lasifika, ya tsaya yana kallonsa tun daga ƙofa.

Kiɗa kuwa ya yi kyau ranar. Kai, ya yi kyau! Ishaya ya tsaya a miƙe, ba ciwo, yatsunsa na gudu yadda suka ga dama. Manyan ma'aikata da aka san su da ɗaure fuska a ofis suka cire hula suka shiga fili, matansu na juyi da gwaggwaro. Jami'in da ake wa ban kwana da kansa ya hau dandamali ya manna wa Ishaya kuɗi a goshi. Tabitha, da ta biyo shi daga baya, na can gefe cikin matan coci tana tafi. Ya daɗe bai ji daɗi irin na yammacin nan ba.

Aka tashi kafin magariba. Ishaya ya cire wayoyi, ya sauke akwatin daga kan lasifika lokacin da hankalin kowa ke wani wuri, ya ajiye a bakin dandamali, ya sauka ya sha ruwa. Yana cikin sha ya ji muryar Saje a bayansa, da ƙarfi, irin ta fareti.

"Ishaya, tsaya inda kake."

Ya juya. Saje na tsaye gaban akwatin yana naɗe hannun riga, baƙi da dama ba su watse ba.

"Na ga yadda ka shigo da abin nan yau. Ni na sa ka sayo shi. Ban kyauta ba in bar ka da shi. Yau ni zan kai maka babur."

Kofin ya suɓuce daga hannun Ishaya. Shekara nawa yana jiran wannan magana? Shekara nawa? Sai yau!

"Saje, a'a! Doka, Saje! Kowa ya ɗauki kayansa!"

"Ni na kafa ta."

"Don Allah bar shi, na gode, zan iya!"

"Rufe mini baki."

Ya ware ƙafafu, ya tsuguna irin na soja, ya kama mariƙi da hannu biyu, ya ja numfashi, ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa tun na bariki, ya fizga. Akwatin ya yi sama fiu, ya daki bakinsa, Saje ya tafi da baya ya zauna daɓas a cikin ganguna. Akwatin ya wuce ta kafaɗarsa ya sauka a kan siminti ƙasan dandamali. Katakon Sammani ya dare, maɓallan ƙarya suka gangara ƙarƙashin kujeru, ɗan ƙaramin kan ya fito ya kife da wata mummunar ƙara.

Can wata mata ta kasa riƙewa, daga nan dariya ta ɓarke ko'ina.

Saje ya tashi, jini na bin haɓarsa, leɓensa ya fashe, leɓen da yake busa da shi. Ya sauko ya leƙa cikin fasasshen akwatin. Ba komai sai ɗan yashi a kusurwa. Ya sunkuya ya ɗauki ƙaramin kan, ya juya shi, wani abu na kwaranniya a ciki.

"Akwatin burodi," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Shi ya yi kiɗan yau?"

"Shi ne, Saje."

"Da na ran gwaji?"

"Shi ne."

Saje ya miƙa masa shi, ya ɗauki ƙahonsa, ya ratsa ta cikin masu dariya ya fita bai waiwayo ba.

Mai gyaran rediyo ya buɗe ya duba ya ce allon ciki ya tsage gida biyu, ba a samun irinsa. Alhaji Sada ya ce wani ƙaramin kan sai dai in jirgi ya sauke kaya a Legas, jirage kuwa suna can jere a ruwa ba ranar sauka, amma ga manyan nan har yanzu in yana so. Ishaya ya dawo gida ya ajiye gawar ƙaramin kan a bisa kabad. Daga Kambarawa ba saƙo, ba aike. Ya san akwai bikin aure Asabar mai zuwa, ya kuma san ɗan Jos na nan.

Asabar ta zo. Da azahar ya sa rigar kiɗa, shi kansa bai san dalili ba. Tsohon baƙin kan na nan a lungun ɗaki inda maƙwabta suka dire shi. Ya je ya tsaya a kansa, ya sunkuya, ya ɗora hannu a mariƙin. Da ya ɗaga ido sai ga Tabitha a bakin ƙofa. Ya daɗe a haka, sannan ya janye hannunsa. Ya ɗauko jitar daga bango, ya goge ta da hannun riga, ya miƙa mata.

"Kai wa fasto. Ki ce igiya ta biyu tana saki, a riƙa ɗaure ta."

Ta karɓa ta rungume, idonta ya cika. Ita ta kafa sharaɗin, amma ba ta so ta yi nasara ba.

Sai ga ƙarar babur a waje, aka yi sallama a gajarce. Saje Ayuba ne, leɓe a kumbure da filasta. Tabitha ta gaishe shi, ya amsa bai dubi kowa ba.

"Ba zan iya busa ba sai bakin nan ya warke," ya ce, maganar na fita da ƙyar. "Hannu dai ina da shi. Ina baƙin kan?"

Ishaya ya nuna lungu. Saje ya shiga. Wannan karon ya yi wayo, ya ɗan taɓa mariƙin a hankali tukuna, kada a maimaita. Abin bai motsa ba. Ya ƙara ƙarfi, bai motsa ba. Ya tsuguna ya rungume shi ya miƙe, jijiyoyin wuyansa suka fito. Ya fita daga ɗaki yana jan ƙafa, ya kai tsakiyar tsakar gida, ya dire shi kusa da turmi. Ya tsaya a sunkuye, hannu a ƙugu, yana haki.

"Ishaya. Wannan kake ɗauka? Duk Asabar?"

"Na gaya maka, Saje."

"Ka ce bayanka na ciwo. Ba ka ce..." Ya dubi baƙin abin, ya dubi ƙofar gida da ke can gaba, ya share gumi da bayan hannu.

Tabitha ta matso ta rataya wa mijinta jitar a kafaɗa.

"Ai ba ka yi komai ba tukuna," in ji Ishaya. "Saura ɗora shi a babur. Can kuma akwai matakala."

Saje bai ce kowa na da baya ba. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya sake sunkuyawa.